Layukan da Aka Shafa wa Rawaya

Litinin, 2 ga wata

Ƙanena Tawada,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka, da Inna da ciwon ƙafarta. Ka ce mata ta daina ɓoye maganin hawan jini a ƙarƙashin filo, na gani ranar da na zo. Ni lafiyata ƙalau in ban da idanu da ke min zafi, kuma yanzu za ka ji dalili. Na rubuto ne saboda ko na kira ka ba ji za ka yi ba, injinan maɗaba'ar nan sun gama da kunnenka. Ni kuma ba zan tsaya a barandar kotu ina ihu da maganar ƙanwarmu ba.

Yaya hannun Auta? Kada ta jiƙa filastar. Kada kuma ku bar ta ita kaɗai a gida in mijin nata, Mai Kemis, ya aiko ’yan bikonsa.

Ranar da zan taho, Auta ta jefa min filashin kwamfuta a jaka. Ashe shekara huɗu ke nan tana rubuta abin da ke faruwa a gidan mijinta, rana bayan rana, duk lokacin da ya tafi shago. Shafi ɗari da arba'in. Kwamfutar da ta rubuta a ciki babu ita yanzu, da ita ya karya mata hannun. Filashin nan shi kaɗai ya rage.

Shekarata ashirin da biyu ina buga shaidar mutane a kotu. Na buga ta wanda ya sare maƙwabcinsa a kan magudanar ruwa, na tashi na ci abincin rana har da ƙari. Wannan kuwa sau uku na karanta, sau biyu na yi amai a banɗakin ofis. Ka san abin da ya sa ba ta da katin asibiti ko ɗaya kafin wannan karayar? Shi ke dukan, shi ke maganin. Ya gama, ya wanke hannu, ya je shagonsa ya ɗebo bandeji da man shafawa. Ba likitan da ya taɓa ganin jikinta. Don haka wannan rubutun shi ne shaidarmu, ba mu da wata. In alƙali bai gani ba, cewa zai yi ta koma ɗakinta, kuma ni na san a makara za ta fito.

Na san alƙalai, ba wanda zai zauna ya karanta shafi ɗari da arba'in. Lauyanta ma ba zai karanta ba. Shi ya sa na yi kwana shida ba na fita hutun rana. In ɗora kibiya a farkon magana, in danne maus, in ja har kalmomin su yi shuɗi, sannan in shafa musu rawaya. Wuri sittin da uku. Wani layi ɗaya ne, wani shafi biyu. Akwai inda sai da na ja sau huɗu, domin yatsana yana sakin maus ɗin kafin in kai ƙarshen jimlar.

Ga filashin nan a cikin ambulan, direban motar safe zai miƙa maka hannu da hannu. Ka buga, ka kai wa lauya kafin zaman ranar 12. Duk inda ka ga rawaya ka san aikinka, ba ni zan koya wa mai maɗaba'a ba. Abu ɗaya nake roƙo: waɗannan wuraren kada idon Inna ya kai kansu, ko a takarda ko a filashi. Zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kai ma kada ka karanta, na san ka da zuciya.

Ka gaida matarka, ka ce na gode da ɗawainiya.

Yayarka


Alhamis, 5 ga wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Saƙo ya iso lafiya. Mu ma duk lafiya. Inna ta ce ba ɓoye maganin take ba, ajiya take, kuma wai ke tun kina yarinya kike da binciken filon mutane. Auta tana ɗan cin abinci yanzu. Hannun yana mata ƙaiƙayi, tana sosawa da cokali, matata tana ƙwacewa. Sau biyu ƙanin Mai Kemis ya zo, ban bar shi ya wuce bakin ƙofa ba.

Aiki ya kammala tun jiya. Kin ce na san aikina, to na sani. Sai dai na tausaya miki da kika ce kwana shida kika yi kina jan maus. Ni ban bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Akwai wurin da ake dannawa, kwamfuta ta zaɓo duk rubutun da ke da launi iri ɗaya lokaci guda. Na danna, duk rawayar ta taso, na goge. Ko minti biyu ban yi ba. In kin zo zan nuna miki, ki huta da wahala, ku ma'aikatan gwamnati har yanzu kamar kuna kan tafireta.

Ban karanta ba, kamar yadda kika ce. Idona ya faɗa kan kalma biyu ko uku, na kau da kai.

Ya dawo shafi ɗari da uku. Na gyara tazarar layuka yadda ba wanda zai gane an cire wani abu. A filashin ma na ajiye gyararren a kan tsohon, don ko wani ya ɗauka ya buɗe a gida ba abin da zai gani. Na buga a takarda mai kauri, na sa shuɗin bango, na ɗinke da kaina. Auta ta sa hannu a shafin ƙarshe, ta ce ba za ta iya buɗe shi ba. Lauya ya karɓa, ya auna nauyinsa a hannu, ya ce madalla, ya sa a jaka.

Motar direban tana wurin makanike, wataƙila wannan ta ɗan jinkirta. Ki sa wa idonki magani.

Ƙaninki,
Tawada


Asabar, 14 ga wata

Tawada,

Ina gaida Inna da Auta da matarka. Kai ban tambayi lafiyarka ba, domin na san lafiyarka lau, ka yi barci ka yi minshari.

Yau wasiƙarka ta iso, kwana tara a hanya. Shekaranjiya aka yi zama. Jiya lauya ya kira ni yana in'ina, ya ce me na aiko masa. Na kwana ban gane ba. Yanzu na gane.

Ka san me ya faru a kotun, ko kana baya kana kallon baki yana motsi? Bari in gaya maka. Lauyan Mai Kemis ya ɗauki littafinka mai shuɗin bango, wanda ka ɗinke da kanka, ya miƙe tsaye yana karantawa da murya mai daɗi. “Yau ya sayo min takalmi.” “Yau mun je gidan ƙanwarsa, ya riƙe min jaka.” “Ya ce ba shi da kowa sai ni.” Shafi bayan shafi. Alƙali ya tambayi Auta ko wannan sa hannunta ne. Ta ce nata ne. Ya ce to ina dukan? Ta buɗe baki, ba abin da ya fito. Mijin ya ce a kan matakala ta faɗi, kuma shi har yanzu yana son matarsa. An ɗage zuwa ranar 30, wai su je su daidaita.

Na ce ka buga da kala don rawayar ta fito. Abin da nake nufi ke nan, kuma ko jaki aka ba wa wasiƙar nan zai gane. A kotu abin da aka shafa wa rawaya shi ne abin da ake so alƙali ya fara gani. Wane mahaukaci ne zai yi kwana shida yana zaɓen abin da za a zubar?

Ban yarda kuskure ba ne. Me Mai Kemis ya ba ka? Maganin Inna da yake aiko muku kyauta? Ko kujerar da yake ajiye maka a gaban talabijin ranar ƙwallo? Kai ka kawo shi gidanmu, kai ka ce yaron kirki ne, ba ya shan taba. Shekara huɗu kana zama a shagonsa kuna shan lemo, ƙanwarka na bayan katanga tana tofar da jini.

Tunda ba ka karanta ba, ni zan karanta maka, suna nan a kaina. Shafi na goma sha tara: ya naɗe wayar dutsen guga a hannu, ya ce ta ƙirga da bakinta, in ta yi kuskure a koma farko. Ta kai ashirin da ɗaya. Shafi na hamsin da huɗu: ya danna kanta a cikin bahon wanki saboda ta gaisa da mai gyaran famfo, yana ɗagowa yana tambaya yana mayarwa. Shafi na tamanin da takwas: cikin wata biyar, takalmin fita a ƙafarsa, sau uku. Wannan cikin da aka ce mana zazzaɓi ne ya zubar, har ka je ka yi masa jaje ka rungume shi.

Waɗannan ka goge a minti biyu, har kana min alfahari za ka koya min.

Kullum kana tsaye gaban injin da ke datse takarda ɗari biyar a sara ɗaya, damatsanka kamar na maƙeri, amma abin da ka iya datsewa a duniya shi ne maganar ƙanwarka. Shi kuwa hannunsa lafiya lau, yana can yana ƙirga ƙwayoyi da shi, yana jiran ranar 30. Da ni ce ke da hannu irin naka, da na san inda zan kai shi.

Kada ka sake kira na Yaya.


Alhamis, 19 ga wata

Ƙanena,

Ina fata kana lafiya. Ina tambaya da gaske wannan karon. Kwana biyar shiru, na kira wayar matarka a kashe, ta Inna tana ta ringi ba a ɗauka. Direba ya rantse ya ba ka waccan wasiƙar ranar Lahadi.

Jiya aka aike ni wata ’yar maɗaba'a a bayan kotu in karɓo fom. Ina tsaye na ga takardu a kan tebur, an shafa wa wasu layuka rawaya. Na tambayi mai wurin, wani dattijo mai tabarau biyu, na ce waɗannan fa? Ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, “Na cirewa ne, Hajiya. Ja a gyara, rawaya a cire. Ko'ina haka muke yi.” Na ce in mutum yana so a fi ganin wurin fa? Ya ce, “Sai ya faɗa da baki.”

Na fito na zauna a kan dakalin wani shago har mai shagon ya kawo min ruwa.

Na sake tuna abin da na rubuta maka. Ban ce kala ba. Ko sau ɗaya ban rubuta kalmar ba. Na ce ka san aikinka, na ce kada Inna ta gani a takarda ko a filashi, na ce kada ka karanta. In aka ba wa kowane mai maɗaba'a wannan, abin da ka yi zai yi.

Akwai kuma wanda ban faɗa maka ba. Ba ni da kwafi. An hana mu ajiye abin da ba na aiki ba a kwamfutar ofis, sai na yi aikin a kan filashin kai tsaye, na zare, na sa a ambulan. Ni da nake tsayawa a kan sababbin ma'aikata ina musu faɗa kan kwafi biyu. Rabin zagin da na yi maka, kaina nake zagi, kai ne dai ka fi kusa.

Ka kai filashin wurin masu gyaran kwamfuta ko za su iya tono tsohon. Waccan wasiƙar kuma ka yaga ta, kada ka bi ta kanta. Maganar lemo da kujera ƙarya na yi maka, na sani tun ina rubutawa.

Ka amsa min ko da layi ɗaya ne.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi


Lahadi, 22 ga wata

Yaya,

Na samu duka biyun. Ta biyun matata ce ta kawo min nan caji ofis, tare da wannan takardar da biro. Lafiyata ƙalau, in ban da yatsu biyu da suka kumbura, shi ya sa rubutun ya yi haka. Inna ta faɗi ranar Talata, amma ta tashi, likita ya ce jinin ne ya hau. Sun rabu da wayoyin ne saboda mutane sun dame su.

Filashin na kai tun ranar da aka yi zama, wurin mutum uku. Ba komai a ciki sai nawa. Kwamfutar wurin aiki kuma duk Asabar ake share ta.

Waccan ta ranar Lahadin na karanta ta a tsaye a bayan injin. Ban ji haushin zagin ba, kin saba. Shafukan nan uku ne suka tsaya min a rai. Na tuna ranar jajen, har ƙamshin turarensa na tuna. Litinin na yi aiki yadda na saba. Talata da hantsi na ɗauki babbar sifanar da muke kwance wuƙar injin da ita, na sa a jakar leda, na hau mota zuwa shagon Mai Kemis.

Akwai mata biyu a shagon, na jira suka fita. Ya gan ni ya yi murmushi, ya ce, “Surukina, ka zo a daidaita ke nan,” ya miƙo hannu ta kan kanta. Na riƙe hannun na kwantar da shi a kan gilashi. Na ɗaga sifanar. Bugun farko gilashin ne ya fashe. Na biyu da na uku sun samu. Ban ji ƙarar ba sosai, kin san kunnena, amma na ji ta a cikin sifanar. Ya faɗi bayan kanta, kwalabe suka zubo masa. Na zagaya. Ya ɗaga ɗaya hannun yana kare fuska, bakinsa yana motsi, ina jin haƙuri yake ba ni. Na ce ya ƙirga. Bai gane ba. Na ba shi ɗaya a muƙamuƙi, haƙora suka zubo a kan tayil tare da ƙwayoyin magani, ba ka bambance su. Sai mutane suka rufe ni. Wani ya buga min benci a baya, wani ya taka min hannu. Ban gudu ba.

Ba na so ki ce ke ce. Ni na ɗauki sifanar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Yana asibiti, an ɗaure masa baki da waya, hannun kuma sun ce ba zai koma daidai ba. Ƙaninsa ya zo wurin Inna da takarda. In Auta ta janye ƙararta ta koma gida kafin ranar 30, za su ce faɗan dangi ne, su janye tasu, in fito. In ba haka ba, lauya ya ce shekara ɗaya zuwa uku. Inna tana kuka tana riƙe ƙafar Auta. Matata ta daina ko kallonta, kuma kin san watan haihuwarta ya kusa. Jiya ta gaya min Auta ta haɗa jaka.

Na aika mata cewa kada ta je. Ta aiko cewa ba ni zan gaya mata ba, na riga na yi nawa. Ke take jin maganarki. Ki rubuta mata.

Tawada


Talata, 24 ga wata

Autarmu,

Assalamu alaikum. Yaya jikin, yaya hannun? Yaya Inna? Na nemi hutu an ce sai an gama wata babbar shari'a da muke ciki. Ban yi musu sosai ba, gaskiya, domin ban san da wane ido zan kalle ku ba.

An ce kin haɗa jaka. Ki kwance ta.

Na san lissafin da kike yi, domin ni ma na yi shi. Yayanki a gidan yari, matarsa da tsohon ciki, Inna da jininta, duk a gefe ɗaya, ke kaɗai a ɗaya gefen. Kina ganin kin fi sauƙi. To ki saurare ni, na buga irin wannan shari'ar ta fi ɗari. Mutumin da ya yi miki abin da ya yi lokacin da yake da hannu biyu da haƙora cikakku da mutunci a unguwa, me kike zato zai yi yanzu da aka farfasa shi a gaban kwastomominsa saboda ke? Duk lokacin da ya kasa ɗaga cokali, ke zai kalla. Tawada zai shiga ya fito. Ke in kin shiga gidan nan ba fitowa za ki yi ba, kuma ranar da aka kira shi ɗaukar gawarki zai koma da sifanar ya ƙarasa, sai mu rasa ku biyu.

Na yi tunanin in zauna in sake buga wuraren nan daga kaina in ce naki ne. Zan iya, kusan kalma da kalma. Amma lauyansu zai tambayi inda suka fito, kuma daga ranar ba wanda zai ƙara yarda da ko harafi ɗaya naki. Na riga na yi miki ɓarna biyu, ba zan ƙara ta uku ba.

Abin da ya rage shi ne bakinki. Ki ɗauki littafin, duk inda kika ga magana ta tsallake, ki tsaya ki faɗa wa alƙali abin da ke wurin. Na san ranar 12 muryarki ta ƙi fita. Ki gwada a ɗaki tukuna, ki faɗa wa bango.

In Inna ta sake riƙe ƙafarki, ki ce ni na hana, ta tsine min. In matar Tawada na neman wanda za ta tsana, ki ba ta adireshina. Ni na rubuta masa abin da ya kai shi shagon.

Kada ki je, Auta.

Yayarki


Juma'a, 10 ga sabon wata

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. An cire filastar, hannun ya ɗan karkace amma yana riƙe kofi. Matar Yaya Tawada ta sauka ranar Litinin, mace, duk suna lafiya. Inna tana shan maganinta. Ba ta yi min magana, sai dai ta ce wa bango a miƙo mata abu.

Wasiƙarki ta zo, na karanta. Ba ita ta hana ni ba, gara ki sani. Na riga na yanke zan koma. Ranar 26 muka je asibiti wurin Mai Kemis, ni da Inna da ƙaninsa, don in faɗa masa da bakina. Yana kwance, baki a ɗaure, ya rame. Da ya gan ni hawaye suka zubo masa, Inna ma ta fara. Ya yi min alama in matso. Na zauna a bakin gado. Ya sa lafiyayyen hannunsa ya kama nawa mai filasta, ya ja shi ƙarƙashin bargo kamar mai jin kunya. Inna tana cewa ka ga, ka ga. Shi kuwa ya kama yatsuna biyu da suka leƙo daga filastar yana lanƙwasa su baya, a hankali, yana kallon Inna yana hawaye. Ban yi ƙara ba, na saba. Na jira ya gaji. Da muka fito na ce wa ƙaninsa ya riƙe takardarsa.

Shawararki ban bi ba. Na gwada faɗa wa bango, na kasa wuce na farko. Sai na zauna na karanta littafin, karon farko, da fensir a hannu. Yaya, ke duka kawai kika zaɓa. Inda ya ɗaga hannu kika fara, inda ya sauke kika tsaya. Washegari ba ki taɓa ba, kuma ni a washegarin nake zaune shekara huɗu. Duk suna nan. “Yau da cokali na sha ruwa.” “Na ce wa maƙwabciya ƙofar kabad ce.” “Ya cire zaren da kansa, ya ce ya warke da kyau.” “Na kwana uku a zaune, kwanciya ba ta yiwuwa.” “Na ba da kayan jariran.” Na ja wa kowanne layi. Sun fi naki yawa.

Ranar 30 na ce wa lauya ya zauna. Na karanta su da kwanan watansu, ɗaya bayan ɗaya, daga littafin da lauyansu ya ce shaida ce ta zaman lafiya. Waɗannan bakina ya iya faɗa, domin ba a dukan kowa a cikinsu. Da na kai kan zaren, alƙali ya ce wane zare. Na ɗaga gashin girata na nuna masa tabon ɗinkin. Ya cire tabarau, ya ce a kai ni a ɗauki hoton ƙirjina. Haƙarƙari uku, tsofaffin karaya, kowanne da shekararsa. Likitan ya zo da kansa ranar 6 ya yi bayani.

An raba auren. An kuma hana shi zuwa inda nake.

Yaya Tawada an yanke masa shekara ɗaya da wata biyu, shekaranjiya. Ya amsa laifinsa tun kafin a gama karantawa. Maɗaba'ar sun ɗauki wani a kan injinsa. Bai ga ’yarsa ba tukuna. Ban sani ba ko matarsa za ta yafe min, ina dai yi mata wanki tana karɓa.

Ban ce ki ɗauki laifin duka ba, kowa ya ɗauki nasa. Amma kin ce Inna ta tsine miki, matarsa ta tsane ki, kuma daga inda kike ba wanda zai iya ko ɗaya. Ni ce a gabansu.

Na ga Yaya Tawada minti biyar kafin a sa shi a mota. Ya tambaye ni ko an gama nawa, na ce an gama, ya gyaɗa kai. Na ce ko akwai saƙo zuwa gare ki. Ya ce ranar Asabar ake ziyara, daga goma zuwa sha biyu. Ya ce kada ki rubuto. Ki zo.

Auta